Shaidar Hannun Yara: A Yi Ta, Amma Kada a Tsoma Hannun Yaro Cikin Fi'ofi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida in yi magana a kan abin da ya shafi sana'ata, ya kuma shafi 'ya'yanmu. Ni mai aikin fi'ofi ne, wato silin da kwalliyar ɗaki. A Rigasa nake zaune, kuma shekarata 17 ina cin abinci da wannan farin gari. Ban taɓa rubuto wa jarida ba. Abin da ya faru a gidana makon jiya ne ya hana ni yin shiru.

Ranar Laraba bayan la'asar na dawo daga aiki, ko wanka ban yi ba, sai ga yaro ya yi sallama, wai amaryar gidan da ke kallon namu ta ce in sayar mata da fi'ofi mudu 3. Abin ya ɗaure min kai, domin na san ɗakinta, ni na yi silinsa, kuma bai tsage ba. Na ce wa mai ɗakina ta leƙa ta ji ko lafiya. Ba a jima ba suka shigo tare, amaryar na goye da ɗanta ɗan wata 7, waya a hannu. Bayan mun gaisa ta miƙo min wayar. Bidiyo ne a TikTok: wasu Turawa, miji da mata, sun kwaɓa wani abu ruwan hoda a ƙaramin bokiti, sun nutsa hannun jaririnsu a ciki har wuyan hannu, sun ɗan jira, sun zare. Sai suka zuba farin kwaɓi a ramin da hannun ya bari. Can suka ɓare na wajen, sai ga hannun jariri sak, har da lanƙwasar yatsu da farce.

Ta ce, "Baban Ummi, ai irin garin nan naku ne, ko?"

Gabana ya faɗi. Na ce mata, "Na biyun da suka zuba namu ne. Na farkon da suka sa hannun yaron a ciki ba namu ba ne, ko kusa." Na ga alamar ba ta gamsu ba, domin a idonta gari gari ne. Sai na ce su zauna. Na ɗauko tsohon bokitin fenti, na kwaɓa fi'ofi har rabinsa, na karɓi wata tsohuwar muciya a hannun mai ɗakina na kafa a tsakiya. Muka ci gaba da hira. Bayan kamar minti 25 na ce ta taɓa jikin bokitin. Ta ɗora tafinta, ta janye da sauri, ta dube ni. Na ce to zaro muciyar. Ta ja da hannu ɗaya, ta ja da biyu, har bokitin ya tashi sama, muciya ko motsi. Ba ta ce komai ba. Sai ta kwanto goyon ta rungume shi, tana ta maimaita innalillahi.

Malam Edita, da ba wurina ta aiko ba fa? Da kasuwar Panteka aka je aka auno mata, wa zai tambaye ta abin da za ta yi da shi?

Bari in bayyana yadda garin nan yake, kamar yadda maigidana da ya koya min aiki, wani mutumin Togo, ya fahimtar da ni tun ina yaron shago. Asalinsa dutse ne mai laushi da ake kira jifsam. Muna da shi a ƙasar nan, a wajen Fika ta Jihar Yobe da Nafada ta Jihar Gombe da yankin Sakkwato, kuma masana'antun siminti na zuba kaɗan daga cikinsa don kada siminti ya yi saurin kamawa. Turawa sun danganta garin da birnin Faris na Faransa, saboda an daɗe ana haƙo dutsen a can. Shi wannan dutse da ruwa a cikin halittarsa. Sai a niƙa shi, a gasa a zafin da ya kai kimanin digiri 150 a ma'aunin Selsiyos, mafi yawan ruwan ya fice, ya zama gari mai ƙishirwa. Da ka mayar masa da ruwa, sai ya fara komawa dutsensa na asali, kuma yana komawa yana fitar da zafi. Iya kaurin kwaɓin iya zafinsa. Abin da aka shimfiɗa falan-falan a faranti ɗumi kawai yake yi, amma wanda aka tara a bokiti, cikinsa kan yi zafin da ke ƙona fata. Sannan ba ya tsukewa idan zai daskare, ɗan kumbura ma yake yi, shi ya sa yake damƙe duk abin da ke cikinsa. Ka haɗa biyun: ya riƙe, sannan ya dafa.

Wannan ba zato ba ne. A shekarar 2007, a yankin Linkonsha na Ingila, wata ɗaliba 'yar shekara 16 ta tsoma hannayenta biyu cikin kwaɓin fi'ofi a ajin zane-zane, tana son fitar da siffarsu. Ya kama, aka yi ta fama aka kasa zarewa, zafin ya kai wajen digiri 60. Bayan tiyata iri-iri, yatsu 2 kaɗai suka rage mata. Wannan budurwa ce, a ƙasar da motar asibiti ke zuwa cikin mintuna. Ina ga jaririn da fatarsa ba ta kai ta babba kauri ba, a cikin lungun Rigasa ko Hayin Banki, da daddare?

Wancan abu ruwan hoda na cikin bidiyo sunansa aljinet. Daga ciyawar teku ake samo shi, kuma shi ne likitocin haƙori ke sa wa mutum a baki idan za su ɗauki siffar haƙoransa. Cikin 'yan mintuna yake kamawa, ya yi taushi kamar awara, ba ya ƙuna, kuma hannu na sulɓewa daga cikinsa. A shagunan kayan asibiti ake nemansa, ba wurin masu kayan gini ba. Masu bidiyon ba sa tsayawa bayani, ko kuma da Turanci suke yi a gurguje, mu kuma ido kawai muke bi.

Sai dai kada a ɗauka na zo hana abin ne. Ina! Ni da ke rubutun nan, akwai faifan hannu 19 a gidana, na 'ya'yana huɗu, kuma ban da Alƙur'anin da mahaifina ya bar min babu abin da nake tattali kamarsu.

Na farkon ma ba da niyya aka yi shi ba. Babbar 'yata, mai sunan mahaifiyata, wadda muke kira Ummi, tana da shekara ɗaya da rabi lokacin. Ina zuba allunan silin a tsakar gida, na juya in ɗebo filas, wato zaren da ake ƙarfafa allon da shi, sai ta tako dagwai-dagwai ta dafa gefen allo ɗaya da bai gama kamawa ba. Na daka mata tsawa, uwarta ta sure ta ta wanke mata hannu. Washegari da na zo ɗaga allon, sai ga ɗan tafin nan a kwance, yatsu biyar, ƙaramin ya ɗan karkace waje kamar nawa. Na ɗauki cokalin aiki zan shafe, hannuna ya ƙi. Sai na sa zarto na yanke wurin, na jefa a akwatin kayan aiki. Yau Ummi shekararta 13, ta kusa sauka. Kwanaki ta ɗora hannunta a kan wancan, duk faɗinsa bai wuce tsakiyar tafinta ba. Ta yi shiru tana kallo, sannan ta ce, "Baba, da gaske ni ce?"

Tun daga nan na mayar da shi al'ada. Kowace shekara, kwana biyu bayan Babbar Sallah, an gama suyar nama gida ya lafa, sai in tara su. Ga yadda nake yi, kuma kowace uwa za ta iya a tsakar gidanta.

Murfin bokitin fenti nake samu, ko farantin roba mai ɗan zurfi, in shafe cikinsa da man gyaɗa. Awon shi ne gwangwanin madara 2 na gari, 1 na ruwa. Ruwan sanyi, domin mai ɗumi yana sa shi saurin kamawa. Ruwa ake fara zubawa, sannan a riƙa barbaɗa gari a kai, kamar yadda ake barbaɗa garin tuwo a talge, a bar shi ya jiƙa, a juya a hankali don kada iska ta shiga ta yi masa ƙuraje. Lokacin nan yara su tsaya nesa, saboda ƙurar ba ta da daɗi a ido da hanci. A zuba a faranti, kaurinsa kada ya wuce faɗin yatsu biyu, a ɗan bubbuga gefen ya kwanta. A lanƙwasa guntun wayar ƙarfe a soka a baki, don ratayewa. Sai jira. Nan ne gwanintar take. In ka yi gaggawa, sawun zai rufe kamar ka taɓa kunu. In ka makara, ko alama ba zai ɗauka ba. Ni da yatsana nake gwadawa a gefe: idan ya yi kamar kindirmo mai kauri, na dangwala ramin ya tsaya bai koma ba, to lokaci ya yi. A shafa wa yaro man kaɗanya ko basilin, a buɗe masa yatsu, a ɗora tafin a sama, a danna kaɗan, a ƙirga ɗaya zuwa biyar, a ɗaga sama tsaye ba tare da ja ba. Kwaɓin kada ya hau bayan yatsu ko kaɗan. Nan take a wanke hannun da sabulu. Kafin ya sanƙare a sa ƙusa a rubuta suna da shekarun yaro da kwanan wata. Ni ina sa na Hijira da na Miladiyya duka.

Ga jarirai kuwa, na fi son hanyar da fi'ofi ba zai taɓa jikinsu ba sam. A samo yumɓu mai laushi irin na masu tukwane, ko a kwaɓa fulawa da tauri kamar ta cincin, a shimfiɗa, a danna hannun a kai, a ɗauke yaro a ba uwarsa. Sannan a kewaye sawun da kwali, a zuba fi'ofi a ciki. Bayan awa ɗaya a ɓare, sai hannun ya fito tudu maimakon rami, kuma wallahi ya fi kyau, layukan tafin duk suna fitowa. Wannan muka yi wa ɗan amarya a daren nan, da fulawar mai ɗakina. Jariri sabon haihuwa hannunsa a dunƙule yake har 'yan watanni, kada a tsaya kokawa da shi. A ɗauki ƙafa, ko a bari ya yi barci.

Da hunturu kwana 2 ya ishe shi bushewa. Da marka kuwa, irin ta watan Agusta a Kaduna, ya kan kai mako, kuma in aka rufe shi a leda da danshi fumfuna zai yi. Idan ya bushe sarai sai a shafe shi da gam ɗin kafintoci da aka tsinka da ruwa, ya daina zubar da gari. Ragowar kwaɓi kada a zuba a kwata ko bututu, zai toshe shi. A bar shi ya daskare a jefa a shara.

In kuma tsautsayi ya faɗa, wani ya riga ya tsoma hannu: a zare nan take tun yana da laushi, kada a ce bari a ga yadda zai fito. In ya fara kamawa, a yi ta kwarara ruwan sanyi ana ɓantarewa da hannu, ana hanyar asibiti. Ƙunar kuma ruwan sanyi mai gudu ake sakar mata kamar minti 20. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da manja.

Na san akwai masu karanta wannan suna cewa, shi kuma wannan bidi'ar Turawa ce ta dame shi. An faɗa min haka a cikin gidanmu ma. Yayan mai ɗakina da ya ga faifan a bango ya ce yana jin tsoron kada ya shiga hukuncin sassaƙa gumaka. Ban yi masa gardama ba, na ɗauki ɗaya na kai wa malamin da muke karatu a wurinsa bayan magariba. Ya juya shi, ya duba, ya ce min shi a fahimtarsa wannan sawu ne, kamar wanda yaro ke bari a kan rairayi, ba surar mai rai ba ce mai kai da fuska. Amma ya ja kunnena: kada a rataya shi da nufin tsari ko neman albarka, kada kuma ya zama abin fahariya. Na riƙe wannan. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya tambayi malamin da ya amince da shi, ko ya bari, ba dole.

Batun cewa na Turawa ne kuwa, ban yarda ba. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san sawun yatsu a jikin yaɓe. A garinmu, can wajen Soba, akwai rumbun da kakana ya gina, kuma tun daga gindi har wuya layin yatsunsa ne huɗu-huɗu, inda ya bi ya shafe ƙasar. Ban riske shi da rai ba. Amma muna yara mukan sa yatsunmu a cikin nasa muna bi, babana na cewa, "Kun ga hannun Malam ke nan." Rumbun ya faɗi wata damina, kuma har yau ina jin ciwon ban ɓanɓaro ko tafi ɗaya na ajiye ba. Maginan Zazzau tun zamanin Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, da hannu suke fitar da zayyana a jikin bango. Mu jikokinsu ne a sana'a, garin ne kawai ya sauya launi.

Wani zai ce ai ga hoto a waya. Haka ne. Amma a tambayi iyayen yara a garin nan, nawa ne har yanzu suke da hotunan sunan ɗansu na fari? Ni tawa wayar a cikin Keke aka zare ta wajen Kawo, da hotunan shekara 4 a ciki, har da na ranar da aka yaye autana. Wata ta faɗa ruwa, wata ta mutu haka kawai. Kuma ko hoton na nan, ba ya gaya maka girman hannun. Shi faifai kana taɓawa. Kana sa babban yatsanka a ramin tafin, ya cika shi.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka taimaka wannan gargaɗi ya kai shafin mata da iyali, inda iyaye mata suka fi dubawa. Malaman makarantun nazare da na Islamiyya masu son yi wa yara irin wannan a ƙarshen zango, su tsaya a kan yumɓu ko faranti, kuma babba ya riƙe hannun kowane yaro da kansa. 'Yan'uwana masu sayar da fi'ofi a Panteka da Kasuwar Bacci da sauran wurare, idan aka aiko yaro sayen mudu ɗaya ko biyu, ku daure ku tambaya me za a yi da shi. Tambayar ba ta rage ciniki.

Wadda ta fi kowa ƙin abin nan da farko ita ce mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta. Ita tsoronta daban ne. Ta tashi a zamanin da ake cewa mugu na ɗibar ƙasar sawun mutum ya kai wa boka, don haka da ta ga hannun takwararta a rataye sai ta ce, "Sawun ƙafa ma ana sharewa, kai ka ɗauki na hannu ka kafa wa duniya a bango?" Don girmama maganarta na sauke su daga falo na mayar ɗakin barci, kuma can suke har gobe.

Ni ɗan fari ne. Ka san karar iyayenmu mata. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, sai "kai", ko "wannan yaron" in tana ba wani labari. Ba ta taɓa zama ta yi hira da ni a gaban mutane ba. Ba ni da hoton ƙuruciya ko ɗaya, na farko shi ne ɗan fasfo na jarrabawar gama firamare. Ban taɓa ganin laifinta ba, haka ta taras ana yi.

Sallar ƙarshe da ta yi tare da mu, shekara 3 ke nan, tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta tana kallonmu, jikin ya riga ya fara nauyi. Na gama da yara huɗu, saura kwaɓi kaɗan a kwano. Sai na ji ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kai, in da saura kawo nan. Kishiyar nan tawa ba za ta fi ni ba." Yara suka sa ihu. Na zuba a babban faranti, Ummi ta shafa mata man kaɗanya, ta kama hannun kakarta ta ɗora, ta sa nata a gefe. Inna ta ɗaga, ta daɗe tana duban sawun, yatsunta da suka lanƙwashe saboda shekaru na surfe da daka. Akwai sauran fili a ɗaya gefen, kwaɓin kuma ya fara ɗaurewa. Ta nuna wurin da haɓa, ta ce, "Ga wuri nan ya rage. Sa naka, kafin ya bushe."

Na sa. Wannan faifan ban rataye shi ba. Yana cikin akwati, naɗe a mayafinta.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya raya mana zuriya, Ya jiƙan magabatanmu.

Naka,
Mai aikin fi'ofi,
Rigasa, Kaduna.